Yadda zaka zaga Ishbiliya a yini ɗaya

Duk wanda Allah ya kai shi Sifen don Allah kada ya tsaya iya Madrid, ya hau jirgin ƙasan nan mai gudu, cikin awa ukku yana Sabiya, garin da Larabawa ke ce ma Ishbiliya, bakin kogin Guadalquivir, wanda asalin sunan ma Wadil Kabir ne.

Tun kana masauki ka sayi tikitin Alcazar, wato tsohuwar fadar sarakunan garin, da na babban cocin garin ta intanet, in ba haka ba layi zai cinye maka safiya. Kuma ka guji watan Yuli da Agusta, zafi na wuce digiri 40, irin na Afrilun Katsina sak.

Ka fara da Giralda, hasumiyar babban cocin, da zarar an buɗe. Ni dai da na taso ina wuce hasumiyar Gobarau, da na tsaya ƙarƙashin Giralda sai da jikina yayi sanyi wallahi, don hasumiyar masallaci ce, Muwahhidun, sarakunan Musulmi da suka zo daga Maroko, suka gina ta da bulo daga 1184 zuwa 1198, da Kiristoci suka karɓe garin a 1248 masallacin ya koma coci, daga baya aka rushe shi aka yi sabon gini amma ita ba a taɓa ta ba, sai ƙararrawa da aka ɗora mata bisa kai a 1568. Ciki kusan duka ba matakala bane, gangare ne guda 35 yana zagayawa, ance don ladan ya hau bisa dabba, kenan ko dattijo zai iya in ya bi a hankali. In ka sauko kada ka fice da sauri, tsakar gidan nan mai itatuwan lemu nan ne ake alwala a da, ɗan tsaya.

Daga nan Alcazar, taku kaɗan ne. Ka ba shi awa biyu aƙalla. Sarki Pedro, Kirista, shi ya sa aka gina babbar fadar da ke ciki a 1364 amma magina Musulmi ya kira, shi yasa zaka ga "wa la galiba illallah" a gaban ginin. Ka aje waya ka matsa kusa da bango ka kalli zanen filastan da tayil ɗin, yadda layi ke shiga layi, duk wanda ya san zanen maginanmu a fuskar zaure zai gane hannun gwani, kuma ka riƙa ɗaga kai don rufin katakon yafi komai.

Azahar ka koma ka huta, su ma 'yan garin haka suke yi.

Bayan la'asar sai bakin kogi, ka ga Torre del Oro, hasumiyar tsaro mai kusurwa 12 ta wajen 1220, ka taka har gadar Triana ka tsallaka. Wajen abinci hattara, naman alade yayi masu yawa, soyayyen kifi zaka nema kuma ka tambaya da wane mai aka soya. Lemun kan titi kuma kada ka tsinka, ɗaci gare shi.