Yadda Nake Canza Allon Gimbal na Duron

Gimbal shi ne abin da ke riƙe kyamarar duron (ƙaramin jirgi marar matuƙi) ya hana ta rawa. Idan kyamarar duron ɗinka tana rawa ko ta langaɓe, fara duba siririyar wayar nan mai faɗi da ke haɗe da gimbal ɗin, don sau da yawa ita ce ta tsage. In lafiyarta ƙalau, to mai yiwuwa allon lantarkin gimbal ɗin ne. Danshin Legas yana cinye shi.

Cire batir tukuna. Kwance sukurorin, ka jera su a kan maganaɗisu. Ɗauki hoton yadda wayoyin suke, sannan ka ɗaga maƙullansu da hantsaki, a hankali, ban da fizga. Ni da tsohon allon nake shiga kasuwar kayan lantarki ta Computer Village a Ikeja in gwada lamba da lamba, domin 'yan kasuwa sai su ce maka duk ɗaya ne. Bayan ka ɗaura sabon, ajiye duron a shimfiɗaɗɗen tebur ka daidaita gimbal ɗin ta manhaja.