Yadda Ake Tace Ruwan Masana'anta A Sake Amfani Da Shi Ba Tare Da Ɗigo Ya Fita Waje Ba

A watan Janairun 2011 babbar kotun Madras ta ba da umarnin a rufe masana'antun rini kimanin 700 a Tirupur, garin da ya yi suna wajen saƙa riguna a kudancin Indiya. Manoma ne suka kai ƙara. Ruwan rini mai gishiri ya lalata Kogin Noyyal, dam ɗin Orathupalayam da aka gina musu don ban ruwa ya koma matattarar dagwalo. Sharaɗin sake buɗewa ɗaya ne: kada ruwa ya ƙara fita daga masana'anta zuwa kogi. A tace shi ya koma aiki, dattin kuma a kwashe shi a bushe. Injiniyoyi na kiran wannan tsari ZLD, wato Zero Liquid Discharge da Turanci, ma'ana ko ɗigo ba ya fita waje.

Duk wanda ya san launin ruwan da ke gangarowa daga majemun Challawa da Sharada da Bompai a Kano, ya kuma ga masu lambu na ban ruwa da shi, ya san maganar ta shafe mu. Ga yadda aikin ke tafiya.

Da awo ake farawa, kafin a yi maganar sayen inji. A ɗaura mita a bakin rijiyar burtsatse, a ɗaura a kowane sashe, a san lita nawa ke shiga, nawa ke fita. A ɗebi samfuri safe da rana da dare har mako guda, a kai ɗakin gwaji a auna tsami, yawan gishiri, dattin da ke ruɓewa, da ƙarafa irin su kuromiyam. A wannan makon ne ake gano famfon da ke yoyo da tiyon da aka bari yana zuba. A toshe su, don duk litar da ba a ɓata ba, ba za a biya kuɗin tace ta ba.

Mataki na biyu shi ne raba magudanai, kuma a ganina nan ne aikin ke gyaruwa ko ya lalace. Kuskuren da aka fi yi shi ne a zuba komai a kwata ɗaya. A majema ruwa kashi uku ne aƙalla: na jiƙa fata mai gishiri, na cire gashi mai farar ƙasa da salfaid, da na jima mai kuromiyam. Na cire gashi kada ya kuskura ya haɗu da ruwa mai asid, domin haɗuwarsu na haifar da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai wadda ke kashe mutum cikin mintuna. In ta yi yawa ma hanci ba ya jin warinta. Ma'aikata da dama sun rasa rayukansu a cikin tankunan majemu ta wannan hanya, saboda haka kada a bar kowa ya shiga tanki sai an auna iskar ciki, kuma da mai tsaronsa a sama. Shi ruwan cire gashin ana hura masa iska ne a tankinsa, da ɗan sinadarin manganis, har salfaid ɗin ya mutu.

Ruwan jima kuwa kuɗi ne ake zubarwa. In aka zuba masa garin magniziyam oksaid, kuromiyam ɗin zai kwanta a ƙasa. Sai a tsiyaye na sama, a narkar da abin da ya kwanta da asid, a mayar da shi gangar jima. Ita ma fatar, a kakkaɓe gishirinta a bushe kafin a jiƙa, buhunan da za a tara za su ba mutum mamaki. A masana'antar rini rabon ya fi sauƙi: ruwan tukunyar rini kaɗan ne amma cike da gishiri, ruwan ɗauraya kuma mai yawa ne amma dattinsa kaɗan, kowanne da hanyarsa. Ruwan sama shi ma a yi masa tasa magudanar.

Daga nan ruwan ya bi ta rariyar ƙarfe da za ta tare gashi da zare da leda, ya shiga babban tanki inda ake juya shi don na safe da na yamma su zama ɗaya. A daidaita tsaminsa, a zuba alif da ɗan folima, wani sinadari mai haɗa datti wuri ɗaya, datti ya dunƙule ya kwanta, kamar yadda alif ke yi wa ruwan randa.

Abin da ya narke a ciki kuma bakteriya ce ke cinye shi, a tankin da ake hura wa iska dare da rana. Masu rai ne, haka kuma za a kula da su. In wuta ta ɗauke aka bar injin iska a kashe tsawon sa'o'i, za su fara mutuwa, tanki ya yi baƙi ya yi wari, a ɗauki makonni kafin su farfaɗo. A inda wuta ba ta da tabbas, injin iska shi ne na farko da za a haɗa da janareta.

Yanzu ruwan ya yi garau a ido, amma gishirinsa na nan daram. Sai ya ratsa yashi, ya ratsa gawayi, ya bi ta matata mai ƙananan ƙofofi, sannan ya isa na'urar RO, irin wadda masu ruwan leda suka sani, sai dai wannan ta fi girma da ƙarfi. Famfo ne ke matsa ruwan ta jikin wani tantani da ke barin ruwa ya wuce ya tare gishiri. Abu biyu ke kashe tantanin nan: kulorin, wanda ke cinye shi, da datti ko tsatsar gishiri da ke toshe shi. Shi ya sa ha'inci a matakan baya yake fitowa fili a nan, kuma tantani ba shi da arha. In an yi komai daidai, kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na ruwan zai koma aiki, sau da yawa ya fi na rijiya kyau.

Ɗauki misalin masana'antar da ke fitar da lita 100,000 a rana. RO ta farko ta maido 75,000, saura 25,000. A tura su RO ta biyu mai matsi sosai, ta ƙwato kamar rabi. Daga nan ta kai maƙura, don in gishiri ya doshi miligiram 70,000 a lita, wato ninki biyu na ruwan teku, RO ta yau da kullum ba ta iya ƙara matsawa. Ragowar lita 12,000 da ɗoriya sai wuta.

Nan ne kuɗi ke ƙonewa. Tafasa ruwa lita 1,000 kai tsaye har ya ƙafe na cin zafin da ya haura yunit 600 na lantarki. Dabarar ita ce a jera tukwane uku ko huɗu, tururin ta farko ya tafasa ta biyu, na ta biyu ya tafasa ta uku, ana rage matsin iska a kowace. Akwai kuma injin da ke matse tururin ya mayar da shi ya sake dumama ruwan, wanda ke cin yunit 20 zuwa 25 a lita 1,000. Tururin in ya huce ruwa ne tsarkakakke, shi ma ya koma aiki. Injin ƙarshe da ke mayar da kaurin ruwan ya zama gishiri ya fi duka ci. Wanda ya raba magudanansa tun farko, ƙaramar tukunya za ta ishe shi. Tun ran gini ran zane.

Mai fili zai iya sa rana ta yi masa wani ɓangare: tafki mai faɗi marar zurfi, an shimfiɗe ƙasansa da roba mai kauri don kada ya tsiyaye zuwa rijiyoyin maƙwabta. Hunturu da bazara suna taimakawa ƙwarai, amma a yi lissafin girmansa da ruwan watan Agusta a zuciya.

Saura abin da ya rage a hannu. Masu rini da ke aiki da sodiyam salfet suna da sa'a, don in aka sanyaya kaurin ruwan gishirin yakan fito fari tas, a mayar da shi tukunya. Gishirin da ya cakuɗe kuwa ba mai saye, har a Tirupur tara shi ake yi a buhuna. Ya zauna a rumfa mai rufi da daɓen siminti, in ba haka ba ruwan farko zai narkar da shi ya kai kogi, an gudu ba a tsira ba. Taɓon tankuna a matse shi da injin matsa har ya zama kamar ƙuli. Mai kuromiyam kada a bai wa manomi da sunan taki, sai rami mai shimfiɗa. A Indiya kamfanonin siminti na karɓar taɓon masu rini su ƙona a murhunsu.

Ƙaramar majema ba za ta iya ɗaukar wannan ita kaɗai ba, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A Tirupur yawancin masu rini haɗa kai suka yi suka gina matatun tarayya, bututu na kai dagwalo, wani na maido tataccen ruwa, kowa na biya gwargwadon abin da mitarsa ta nuna. Rariya da raba magudana dai kowa a gidansa yake yi kafin ya tura.