Neman Lauyan Kare Haƙƙi a Amurka: Kada Haƙuri Ya Cinye Maka Wa'adi

Na taɓa raka wani bawan Allah ofishin lauya don in yi masa tafinta. Aikin lodi yake yi a wani katafaren gidan ajiyar kaya. Da aka sauya musu shugaban sashe, sai sabon ya hana shi fita sallar Juma'a, abin da tsohon ya yarje masa shekara biyu ba tare da wata matsala ba. Ya yi ƙorafi, bayan 'yan makonni aka sallame shi. Ya zo da jakar leda cike da takardun albashi, ya zazzage su a kan tebur, ya gyara zama zai ɗauko labari tun daga tushe. Lauyar ta ɗaga hannu ta ce a tambaye shi abu ɗaya tukuna: ran nawa ga wata aka sallame shi? Da na faɗa mata, ta jawo kalanda ta ƙirga da bakin alƙalami, sannan ta ajiye alƙalamin. Wata goma sha ɗaya. Na juya na ce masa, “Malam, me ya sa sai yanzu?” Ya ce, “Wallahi ɗan'uwa, cewa na yi in yi haƙuri, ko za su neme ni.” Ƙofar kai koke a ƙarƙashin dokar tarayya ta riga ta rufe. Abin da ya rage sai ta duba ko dokar jihar tana da wa'adi mai tsawo.

Saboda wannan zaman nake fara wa duk sabon zuwa da maganar lokaci kafin maganar lauya. Mun taso da cewa mahakurci mawadaci, kuma gaskiya ce a wurare da yawa. A shari'ar haƙƙi a Amurka kuwa, kwanaki ake ƙirgawa, alƙali ba ya duban kyan niyyarka.

Idan wariya aka nuna maka a wurin aiki saboda addini, launin fata, jinsi ko ƙasar da ka fito, dokar da ta fi shafarka ita ce Dokar Haƙƙin Jama'a ta 1964, babi na bakwai, wadda ke aiki a kan duk wurin da ke da ma'aikata 15 zuwa sama. Ba a tafiya kotu kai tsaye. Sai ka fara kai koke EEOC, hukumar tarayya mai kula da wariya a wurin aiki, cikin kwana 180, ko kwana 300 a jihohin da ke da tasu hukumar mai irin wannan aiki. Idan hukumar ta ba ka takardar izinin shigar da ƙara, kwana 90 kacal gare ka. Mutane da yawa suna karɓar takardar nan su jefa ta cikin durowa, suna zaton sanarwa ce kawai. Idan mai gida ne ya hana ka haya don ya ga hijabin matarka ko ya ji harshenka, Dokar Adalcin Gidaje ta 1968 ta ba ka shekara ɗaya ka kai koke ma'aikatar gidaje ta HUD, ko shekara biyu ka shigar da ƙara a kotu. Idan kuwa ɗan sanda ne ko wani jami'in jiha ya ci zarafinka, ana bi ta dokar da lauyoyi ke kira sashe na 1983 (lambar sashe ce, ba shekara ba, dokar tun 1871 take), kuma wa'adinta ya danganta da jiha: shekara uku a New York, biyu a Kalifoniya, ɗaya tak a Kentucky da Tennessee. A New York ɗin ma, wasu ƙararrakin da ake yi wa birni a ƙarƙashin dokar jiha sai an aika da takardar sanarwa cikin kwana 90.

Ba sai ka haddace waɗannan ba. Ka dai riƙe cewa daga ranar da abin ya faru agogo ya fara tafiya.

Wani abin da ke rikita mu shi ne zaton cewa lauya lauya ne. Wanda ya yi maka takardun zama, mutumin kirki ne kuma ka yarda da shi, amma wataƙila bai taɓa tsayawa gaban masu taya alƙali yanke hukunci ba ko sau ɗaya. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Haka kuma lauyan da gwamnati ke bayarwa kyauta, wanda hukuncin Kotun Ƙoli na 1963 ya tabbatar, na wanda ake tuhuma da laifi ne. Idan kai ne mai ƙara kana neman diyya, galibi ba wanda zai naɗa maka lauya, kai za ka nema. Duk wanda ya zauna a Bronx ya san labarin Amadou Diallo, ɗan Gini da 'yan sanda huɗu suka yi wa ruwan harsashi 41 a bakin ƙofar gidansa a watan Fabrairun 1999. A shari'ar laifi an wanke su a 2000. Amma iyalinsa sun bi ta ƙarar diyya, a 2004 birnin ya amince ya biya dala miliyan uku. Hanya biyu ce daban, kowace da irin lauyanta.

To, a ina ake samun su? A Amurka kowace jiha ce ke ba da lasisin aikin lauya, kuma akwai shafin intanet na hukuma inda za ka rubuta sunan mutum ka ga ko lasisinsa na aiki, da ko an taɓa hukunta shi. Minti biyar ne, kuma kyauta. Kada ka tsallake shi, ko da limami ne ya haɗa ku. Ƙungiyoyin lauyoyi na jiha da na gunduma suna da layin da ke tura mutum ga wanda ya ƙware a fannin matsalarsa. Ƙungiyar CAIR tana karɓar koken Musulmi kan wariya, tana da lauyoyi a rassa da dama. ACLU, ƙungiyar kare 'yancin jama'a da aka kafa a 1920, ta fi ɗaukar shari'ar da za ta iya sauya doka ga jama'a da yawa, don haka kada ranka ya ɓaci idan ba ta ɗauki taka ba. NELA ƙungiya ce ta lauyoyin da ke tsaya wa ma'aikata, ba kamfanoni ba. Akwai kuma ofisoshin taimakon shari'a na masu ƙaramin ƙarfi, sai dai waɗanda ke karɓar kuɗin tarayya suna da ƙa'idar samun kuɗi da ta matsayin zama, mai katin zama na dindindin yana shiga, wasu ba sa shiga.

Ka guji mutumin da ke da ofis da hatimi yana cika wa mutane takardu, yana cewa shi ma kamar lauya ne. Mai buga hatimin shaidar sa hannu a Amurka ba lauya ba ne, ba shi da hurumin ba ka shawarar shari'a.

Yanzu ga inda na fi so mu daɗe, wato zaman farko. Yawancin lauyoyin wannan fanni ba sa karɓar kuɗi a ganawar farko, wasu suna karɓa, ka tambaya tun a waya. Mu kan shiga ofishin lauya kamar masu neman alfarma, kai a sunkuye, duk abin da aka ce sai “to”. Ka sauya wannan tunani. Kai ne mai ɗaukar ma'aikaci. Ka ga mutum biyu ko uku kafin ka yanke shawara, ba rashin kunya ba ne, su ma sun saba.

Ka tambaye shi shari'a nawa irin taka ya yi, kuma nawa ne daga ciki suka kai gaban alƙali har aka yanke hukunci. Dalilin tambayar shi ne, mafi yawan ƙararraki da sulhu suke ƙarewa, amma lauyoyin kamfani sun san wanda ke iya kai su har ƙarshe da wanda ke neman a ba shi ɗan abin da ya samu ya rufe fayil. Tayin da za a yi maka yana bin sunan lauyanka. Kana iya tabbatar da maganarsa da kanka: shari'o'in kotunan tarayya suna kan rumbun PACER, ana neman su da sunan lauya, shafi ɗaya santi goma. Ka tambayi wanda zai riƙe fayil ɗinka a kullum, domin a manyan ofisoshi mai furfurar da ya tarbe ka ba lalle ne ka sake ganinsa ba. Sannan ka ce masa ya faɗa maka raunin shari'arka. Wannan tambayar ce ke bambanta su. Ƙwararre zai yi shiru kaɗan, ya ce ga inda za su kama mu: ba ka rubuta ƙorafinka ba, da baki ka yi, ko kuwa ɗan sandan zai fake da kariyar da kotuna ke ba jami'ai, wadda ke sa sai an nuna cewa haƙƙin da ya take sananne ne ƙarara a hukunce-hukuncen baya. Wanda kuwa ya buga ƙirji ya ce nasara tabbas ce, har ya ambaci miliyoyi tun bai karanta takarda ɗaya ba, ka yi masa godiya ka kama hanya.

Maganar miliyoyin nan ma, gara ka san gaskiya tun wuri. A ƙarƙashin babi na bakwai, diyyar ɓacin rai da ta horo tana da iyaka tun 1991: dala 50,000 idan ma'aikatan wurin ba su wuce 100 ba, har zuwa dala 300,000 idan sun haura 500. Albashin da ka rasa ba ya cikin wannan iyaka. Lauyan da ya san aikinsa zai duba ko dokar jiha ko wata dokar tarayya za ta ba ka fiye da haka. Kuma ba wai ba a cin nasara ba ne. A 2015 Kotun Ƙoli ta goyi bayan Samantha Elauf, wadda kamfanin Abercrombie & Fitch ya ƙi ɗauka aiki saboda ɗankwalinta. A 2023 kuma, a shari'ar wani ma'aikacin gidan waya Kirista da ba ya aiki ran Lahadi, kotun ta ce ba a hana ma'aikaci sassaucin addini don ɗan ƙaramin tsaiko, sai mai aikin ya nuna cewa abin zai jawo masa asara mai nauyi. Mai neman fita Juma'a yana amfana da wannan hukunci kamar kowa.

Kuɗin lauya iri biyu ne galibi. Ko ka biya bisa awa bayan ka ajiye kafin alƙalami, ko kuma a yi yarjejeniyar “sai an ci a raba”, inda lauya ke ɗaukar kaso daga abin da aka samu, yawanci daga kashi ɗaya cikin uku zuwa kashi 40 cikin ɗari. Irin wannan yarjejeniya dole ta kasance a rubuce da sa hannunka. Inda mutane ke faɗawa rami shi ne bambancin ladan lauya da kuɗin ɗawainiya. Shigar da ƙara a kotun tarayya kaɗai dala 405 ne, ga kuɗin masu rubuta bayanan rantsuwa, ga na ƙwararrun shaidu, ga na tafinta. Ka tambaya a fili: idan an faɗi, wa zai biya waɗannan? Idan an ci, za a cire su kafin a fitar da kasonsa ne ko bayan an fitar? Lissafin ba ɗaya ba ne. Ka kuma sani cewa tun 1976 doka ta ba alƙali damar sa wanda aka yi ƙara ya biya ladan lauyanka idan ka yi nasara a shari'ar haƙƙi, shi ya sa wasu lauyoyi ke ɗaukar ƙarar da diyyarta ba ta da yawa. Ka tafi da takardar gida, ka kwana da ita, ka sa wanda ya iya Turanci sosai ya karanta maka.

Abin da ka faɗa wa lauya sirri ne da doka ta kare, ko da a ƙarshe ba ka ɗauke shi ba. Saboda haka kada ka ɓoye masa komai, har matsayin takardun zamanka da duk wani kamu da aka taɓa yi maka. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Idan ka ɓoye, lauyan ɗaya ɓangaren zai tono shi ranar da aka zaunar da kai ana yi maka tambayoyi bisa rantsuwa, kuma a nan ne naka lauyan zai ji shi karon farko. Sai dai sirrin yana iya karyewa idan ka shiga da aboki ko ƙanin mahaifi don rakiya kawai. Tafinta daban ne, domin aikinsa ya zama dole. Ka nemi ofishin su samo tafintan Hausa, ko ta waya ce, maimakon ka ɗora wa ɗanka ɗan shekara goma sha biyu fassarar abin da aka yi wa ubansa.

Kafin ka je, ka zauna ka rubuta abin da ya faru bi da bi da kwanan wata, ko da Hausa ne, ko da ajami. Sunayen waɗanda suka gani, saƙonnin waya, takardun asibiti, hoton rauni tun bai warke ba. Kada ka goge komai daga wayarka, kuma kada ka hau Facebook ko zauren WhatsApp kana zazzaga, duk abin da ka rubuta ana iya karanta maka shi a kotu. Idan wurin aiki suka miƙo maka takardar sallama da ɗan kuɗi suka ce ka sa hannu, ka dakata: sau da yawa a cikinta akwai layin da ke cewa ka yafe duk wata ƙara. Ka kawo wa lauya takardun da ka sa wa hannu ranar da aka ɗauke ka ma, don wasu kamfanoni suna saka sharaɗin cewa duk rigima sai dai a je gaban mai sasantawa, ba kotu ba.

Bayan an ƙulla, ka shirya wa jira. Shekara biyu ko uku ba abin mamaki ba ne, kuma watanni kan wuce ba wani motsi. Ku yi alkawari tun farko kan yadda za ku riƙa jin juna. Duk tayin sulhu da ya zo, wajibi ne lauya ya sanar da kai, kuma karɓa ko ƙi naka ne, nasa shawara ce kawai. Idan ya daina ɗaga waya, ko ka ga zuciyarsa ba ta cikin aikin, kana da ikon sauya shi ka karɓi fayil ɗinka, sai dai yana iya neman ladan aikin da ya riga ya yi daga abin da za a samu a ƙarshe. Ka sami sabon tukuna kafin ka sallami tsohon, domin ranakun da kotu ta sa ba sa dakatawa don kana tsakanin lauya biyu.