Darasi na 6: Yadda ake sauya wa aska ƙota

Toh jama'a, darasin yau na aikin hannu ne, kuma ina roƙonku ku karanta shi a hankali kar ku yi gaggawa, in kalma ta yi maka wuya ka tsaya ka maimaita. Askar da muke magana a kai ita ce mai naɗewa ɗin nan, wadda bakinta yake shigewa tsakanin ƙota guda biyu in an rufe, irin wadda za ka samu a zabirar tsofaffin wanzamai. Ni a gidanmu a Tudun Wada na taso na ga guda uku a cikin zabirar kakana, biyu ƙotarsu ta fashe an ɗaure da zare, kuma wallahi da ba a hana ni ba da tuni 'yan gwangwan sun tafi da su, alhali ƙarfen lafiyarsa ƙalau, ƙotar ce kawai ta mutu.

Ka fara duba gindin askar, wajen da ake riƙewa da yatsu, galibi akwai rubutu a nan. Ga dama ta samu ta gwada karatun da muke yi. In ka ga an rubuta Sheffield to daga Ingila ta fito, Solingen kuma Jamus ne, Thiers Faransa. Waɗannan garuruwa uku sun yi suna da ƙirar wuƙa da aska tun da daɗewa, kamfanin Dovo na Solingen ma tun 1906 yake aiki. Abin da ya rage wa irin wannan aska kasuwa shi ne reza mai sauya baki da Gillette ya fito da ita a Amurka a farkon shekarun 1900, mutane suka koma can. Shi ya sa in ka samu tsohuwa mai wannan rubutu kar ka yi wasa da ita.

Akwai wata ƙota da za ka cire ko da ba ta fashe ba, wato ta wata tsohuwar roba da ake ce wa seluloid. In ta tsufa sai ta riƙa fitar da wani tururi mai cin ƙarfe, za ka buɗe askar ka ga tsatsa ta kama daidai iya wajen da ke shiga cikin ƙotar, saman kuwa fes. In ka ga haka cire ta yau, ka raba ta da sauran askake, kuma kar ka kai ta kusa da wuta ko garwashi don kamawa take yi nan take.

Kafin ka taɓa komai, naɗe bakin askar da salatif ninki biyu ko uku. Malam, kar ka ce ai ta dakushe, tsohuwar aska ko ta shekara 50 a ajiye tana iya kai ka asibiti.

Ƙusa biyu ce ke riƙe da ƙota, ɗaya a wajen da askar ke juyawa, ɗaya a can wutsiya. Sa magagari ka goge kan ƙusar a hankali har ya baje, sai ka tura ta da siririn ƙarfe ta fita ta ɗaya gefen. Wasu suna zuwa wajen injin wasa wuƙa don sauri, ni ban yarda da wannan ba, domin in ƙarfen ya ɗau zafi har ya yi shuɗi to ya saki kenan, ba zai ƙara riƙe kaifi ba duk wasawar da za ka yi. A wutsiya za ka ga wani ɗan yanki a tsakanin ƙotar biyu, gefe ɗaya kauri gefe ɗaya siriri, kamar wejin da yaran mota ke sa wa taya. Adana shi a gwangwanin madara tare da ƙananan woshoshin da suka faɗo, wato 'yan zobban ƙarfen nan da ƙusa ke ratsawa, zai yi maka amfani.

Yanzu sabuwar ƙota. Itace mai tauri ake so wanda ya bushe sosai, kanya ko ƙirya ko maɗaci, guntun da kafinta zai yar ma ya isa. Amma ni abin da na fi so ƙahon sa ne, kuma a Kaduna ba ya wuya, ka je mahautar Zango da safe ka zaɓi mai kauri wanda ba shi da tsaga. Ana tsaga shi da zarto, a dafa shi a ruwan zafi ko a gasa shi sama-sama har ya yi laushi, a danne shi tsakanin katako biyu da abu mai nauyi ya kwana biyu ko uku ya miƙe. Warin ba daɗi, a tsakar gida ake yi, kuma uwargida za ta yi magana in ka ɗauki tukunyar miyarta, nemi tsohuwar tukunya.

Ɗora tsohuwar ƙota a kan kwali ka zana da fensir, ka yi alamar ramuka biyun, ka yanke kwalin ya zama ma'auninka. Sai ka manna yanka biyu na ƙahon ko itacen da ɗigon gam kaɗan, da takarda a tsakani don su rabu daga baya, ka yanke su tare, ka huda su tare. Wannan shi ne sirrin aikin gaba ɗaya, in ka huda kowanne daban ramukan ba za su yi daidai ba, askar za ta riƙa karkacewa in an rufe tana cin gefen ƙotar, baki ya lalace ƙota ta lalace. Kaurin kowane ɓangare ya kai milimita 3 da farko, in an goge ya ɗan ragu. Ɗauko rula ka nemi ƙananan layukan nan, guda 10 ne a cikin santimita 1, ka ƙirga 3. Gogewa da sanfefa ake yi, kuma lambar da ke bayan takardar tana da ma'ana: 220 mai kaushi ce, 400 ta fi ta laushi, 1000 ita ce ta sheƙi. Daga ƙaramar lamba ake farawa a hau.

Ƙusar kuma sandar tagulla ce mai kaurin milimita 1.6, masu waldar gas a kasuwar Panteka suna amfani da irinta, ka je da tsohuwar ƙusar a hannu ka nuna musu ya fi dogon bayani. Fara haɗa wutsiya da wejinta, shi ne ke sa ƙotar ta ɗan buɗe baki ta karɓi askar. Sannan ka sa askar, wosha ɗaya siririya a kowane gefenta ta ciki, wata kuma ta waje, ka yanke tagullar ka bar kamar milimita 1 a sama.

Wajen duka ne na fi so ku kula. Ɗora kan ƙusar a bisa ƙarfe mai nauyi, ka riƙa taɓa ta da ƙaramar guduma, taɓawa fa ba duka ba, kaf kaf kaf a zagaye bakin ƙusar, ka juya ɗaya gefen, ka buɗe askar ka rufe ka ji, ka sake. Farkon da na yi na ƙosa in gama kafin magariba na kai mata duka ɗaya mai ƙarfi, ƙahon da na kwana uku ina gyarawa ya tsage daga ramin har tsakiya, kakana yana zaune a kan buzu ya karɓa ya juya shi ya ce "ɗan nan, ƙusa lallashinta ake yi", ya miƙo min wani ƙahon. Alamar ta yi daidai ita ce in ka buɗe askar rabi ta tsaya inda ka bar ta ba ta faɗo da kanta ba, in ka rufe kuma bakin ya shiga tsakiya bai taɓa ko'ina ba.

In an gama shafa wa ƙotar man kaɗanya kaɗan, musamman da hunturu da iska ke busar da ƙaho ya fara tsagewa, da damina kuma ɗiga man keken ɗinki a wajen juyawa saboda tsatsa. Sannan aska ta mutum ɗaya ce, sabuwar ƙota ba ta wanke ƙarfe, ciwon hanta da ƙanjamau suna bi ta jini, kar ka ara kar ka ba da aro.

Sati mai zuwa kowa ya zo da kwalin da ya zana ƙotarsa a kai, ya rubuta tsawonta da lamba a ƙasa, wanda ya samu rubutu a gindin askarsa ya kwafo shi harafi-harafi mu karanta tare a allo.