Yadda ake shayar da jirgin ƙarƙashin teku mai a tsakiyar ruwa lokacin yaƙi

Ranar 4 ga watan Yuni na 1941, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wani jirgin yasar ƙasa mai suna Robert Hughes ya taka nakiya a bakin mashigar tashar Legas, ya nutse. Wanda ya dasa nakiyar jirgin ƙarƙashin teku ne na Jamus, U-69, da ya taso tun daga gaɓar Faransa. Tankunansa ba sa ɗaukar fiye da tan 113 na man gas, abin da zai kai shi kilomita 15,700 in ya yi tafiyar tattali. Daga Faransa zuwa nan kuwa kusan kilomita 7,000 ne. Zuwa da komawa kaɗai sun kusa cinye man, ba a ma zo batun farauta ko gudun tsira ba. Jirgin dakon mai Egerland, wanda ke jira a tsakiyar Atlantika, shi ya cike masa giɓin a hanya.

Sojojin ruwan Najeriya ba su da jirgin ƙarƙashin teku. Amma duk wanda ke aiki a Apapa ko Tin Can, ko ya taɓa ganin jirage biyu suna juyen mai a wajen mashiga, zai gane yawancin abin da za mu faɗa, don harkar tiyo ce da famfo da bawul da igiya. Bambancin guda ne, sai dai babba ne. Mai karɓar man kariyarsa ita ce ya nutse cikin daƙiƙa 30, kuma muddin tiyo na haɗe da shi ba zai iya ba. Kowane mataki da ke ƙasa an tsara shi ne don a taƙaita wannan lokacin.

Wa zai ba da man, kuma nawa

Jirgin dakon mai na sama yana da yalwa, amma ba shi da maɓoya. Bayan nutsar da babban jirgin yaƙin Jamus Bismarck a ƙarshen Mayu 1941, cikin mako uku sojojin ruwan Birtaniya suka nutsar ko suka kama jerin irin waɗannan jirage, har da Belchen da Esso Hamburg da Lothringen da shi kansa Egerland. Shi ya sa Jamusawa suka koma dogaro da jirgin dakon mai da shi ma ke nutsewa, samfuri na 14, wanda matuƙa suka laƙaba wa suna saniyar tatsa. Guda 10 suka ƙera. Kowanne na ɗauke da kimanin tan 432 na man rabawa, wato lita dubu ɗari biyar da ɗoriya, kwatankwacin tankoki 15 masu lita 33,000 irin waɗanda ke layi a Marine Beach. Akwai baƙin mai, da ruwan sha, da firij, da tandun burodi, da likita, da makamin tofido, wato bam mai tafiya da kansa a cikin ruwa, guda 4 na bayarwa. Shi kansa ba shi da bututun harba su. Saniya ɗaya na iya ƙara wa ƙananan jirage 12 mako huɗu a bakin daga, ko manya 5 mako takwas.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin a haɗu, injiniyan mai karɓa ya riga ya auna tankunansa ya rubuta adadin da yake so. Ba a cika wa kowa tanki don kawai ya roƙa. Mai komawa gida a ba shi na hanya da ɗan rara saboda guguwa, mai komawa fagen daga shi ke samun kaso mai tsoka. Wanda mansa ya fi ƙarewa shi za a fara sallama. Mai rabon kuma ya ware nasa na komawa tun farko, kada ya taɓa shi.

Tankin da ba ya zama fanko

A nan ne wanda ya saba da tankin mota ko na dafo yake ruɗewa. Tankunan man jirgin ƙarƙashin teku, musamman na jikin waje, ba a barin iska a cikinsu. Duk mita 10 da aka nutsa, ruwa na ƙara danna kowane murabba'in santimita da nauyin kusan kilo ɗaya. A zurfin mita 100 tanki mai iska zai lotse kamar gwangwanin madara. Don haka ruwan teku ke shiga ta ƙasa ya maye gurbin duk man da inji ya sha. Man ya fi ruwa sauƙi, yana kwance a sama, ta can ake zuƙarsa. In an zo zubawa sai abin ya juya: sabon mai ya shiga ta sama ya tura ruwan ya fita ta ƙasa.

Saboda haka kafin a taɓa famfo a tabbatar bawul ɗin fitar ruwa a buɗe yake. In a rufe yake, man ba shi da inda zai tura ruwan, sai ƙarfin famfo ya koma kan walda da gaɓoɓin tanki. Tankin da ya tsage zai riƙa zubar da mai a bayan jirgi duk inda ya bi, ko yana ƙasan ruwa, jirgin sama kuwa zai bi sawun har ya iske shi.

Sai a sa mutum a bakin ƙaramin bawul na gwaji da ke kusa da gindin tanki, da kwalba mai haske a hannu. Muddin ruwa ke fitowa akwai sauran wuri. Da ya ga ruwan ya fara canja launi yana maiƙo, ya yi magana a rufe a koma tanki na gaba. Gara a bar ɗan giɓi da a cika har ya tumbatsa, domin lita kaɗan ta isa ta shimfiɗa tabo mai faɗi a fuskar teku, ta nuna wa abokin gaba mahaɗar da za a sake amfani da ita gobe.

Gaggawar famfo ma na da illa. In man ya shiga da ƙarfi sai ya dama ruwan ƙasa, su gauraya su zama kamar kunu. Irin wannan in ya kai ga inji zai yi ta tari ya mutu, ya kuma lalata allurar mai. A bar sabon tanki ya kwanta, a ci gaba da shan tsoho, duk abin da zai shiga ƙaramin tankin inji kuma ya bi ta matatar raba ruwa da mai.

Akwai kuma lissafin nauyi, wanda ake yawan mantawa in hankali ya tashi. Tan 30 na man gas ya kai lita dubu 35. Ruwan tekun da ya kora, lita dubu 35 ɗin nan, nauyinsa tan 36 ne. Ke nan jirgin da ya sha tan 30 ya rage nauyi da kusan tan 6. In injiniya bai ƙara ruwa a tankunan daidaito ba, za a ba da umarnin nutsewa jirgi ya ƙi sauka, ko ya sauka a karkace.

Mahaɗa

A zaɓi wuri nesa da hanyar jiragen kasuwa, inda jirgin sama mai tashi daga tudu ba zai kai ba. A watan Afrilu na 1942 saniya ta farko, U-459, ta yi aikinta ne can arewa maso gabas da Bermuda. Wuri da rana da awa, da wuri na biyu in na farko ya ɓaci, duk a ba da su a rubuce tun kafin a bar tasha. A wancan zamani da rana da taurari ake gane inda ake, kuma in hadari ya rufe sama kwana uku kuskure na iya kai kilomita da dama. A nan ne ake jin kwaɗayin kunna rediyo a kira ɗan'uwa. A haƙura. Jiragen rakiya na abokin gaba na ɗauke da na'urar gano inda sauti ya fito, saƙo gajere ya ishe su.

A iso a nutse, a leƙa ta madubin leƙe a zagaya ko'ina, a fito daidai lokacin da aka yanka, a gaisa da fitila bisa alamar da aka shirya. Jirgi ɗaya ne ke zuwa bakin tiyo. Sauran su watsu nesa su yi gadi, masu madubin hangen nesa kowa da ɓangaren sama da aka ba shi.

Haɗa tiyo

A wajen mashigar Legas jirage kan jingina da juna, da manyan balan-balan na roba a tsakani. Da jirgin ƙarƙashin teku ba a yin haka a buɗaɗɗen ruwa. Jikinsa kewayayye ne, fikafikansa na nutso sun fito waje, fatar tankunansa ba kauri. Karo ɗaya ya isa. Sai dai a jeru, mai bayarwa a gaba, mai karɓa a baya.

Na gaba ya fuskanci inda raƙuman ruwa ke fitowa, ya rage gudu zuwa kilomita 5 ko 7 a awa, daidai yadda sitiyari zai ci gaba da ji. Ya saki siririyar igiya da abin shawagi a bakinta, kamar gorar masunta. Mutanen na baya suna goshin jirgi da sanda mai ƙugiya, kowa da rigar ruwa da ɗamara ɗaure da jikin jirgi. Su kamo siririyar, su jawo babbar igiyar ja, su maƙala ta a ƙugiya mai saurin saki. Bayanta tiyo ke zuwa, an hura masa iska an toshe bakinsa don ya yi iyo, tare da wayar tarho. Tiyon ya fi igiyar ja tsawo, ya kwanta da lanƙwasa a ruwa. In suka zo daidai, duk fizgar da ruwa ya yi a kan tiyo za ta sauka, kuma a mahaɗin ƙarfe zai tsinke. Inda yake gogar bakin jirgi a naɗe shi da tsumma ko buhu.

A fara famfo a hankali. A tari na farko a kwalba a ɗaga ta a haske: in akwai ruwa zai kwanta a gindi, in akwai datti za a gan shi. A shafa hannu a kowane mahaɗi. Sai an gamsu a ce wa na gaba ya ƙara. A ajiye tutocin hannu kusa, don wayar tarho ita ke fara yankewa. Tun daga farko har ƙarshe mutum ɗaya na tsaye da gatari a bakin igiyar ja, wani kuma hannunsa na kan bawul, ba a aikensu ko'ina. In aka hango jirgin sama ba a tsaya kwance komai ba: a rufe, a sare, kowa ya faɗa ciki.

In an gama lafiya, a tsayar da famfo, a busa iska ta kore man da ya rage a tiyo zuwa tanki, a rufe bawul, a kwance, a toshe baki. Tiyo ake fara saki, igiyar ja daga ƙarshe.

Doron irin wannan jirgi bai fi ruwa tsawo da wani abin kirki ba, kuma har gobe yana cin rai. Ranar 20 ga Satumba 2023 raƙuman ruwa suka share mutum 7 daga kan SAS Manthatisi na Afirka ta Kudu a kusa da Cape Town, ana shirin sauke kaya daga helikwafta, 3 suka rasu. Wanda ya san yadda tekunmu ke tashi daga Yuni zuwa Agusta ya san ranar da ba a fitar da mutum waje.

Abinci da makami

Yayin da mai ke tafiya, kwale-kwalen roba na kai da kawowa a kan igiya: burodi, dankali, gwangwanaye, kayan gyara, wasiƙu, wani lokaci likita ko majinyaci. In ruwa ba kwance yake ba, ta ƙofar hasumiya kaɗai ake shigar da kaya, hannu da hannu.

Tofido ne mai wuya. Tsawonsa mita 7, nauyinsa tan ɗaya da rabi, kuma sai an buɗe ƙofar gaba ta doron jirgi an kafa ƙarafan sauke shi. Jirgi a wannan hali ba ya nutsewa. Ranar 1 ga Disamba 1941 jirgin yaƙin Birtaniya HMS Dorsetshire ya riski jirgin kayan Jamus Python a kudancin Atlantika yana sallamar jirage biyu, ɗayansu U-68 yana tsakiyar lodi bai daidaita nauyinsa ba, ya kasa kai hari. Kwana tara kafin nan HMS Devonshire ya iske jirgin Jamus Atlantis yana ba U-126 mai, kyaftin ɗin U-126 kuma ya haura Atlantis, dole jirginsa ya nutse ba shi. Kyaftin da injiniya ba sa barin jirginsu a mahaɗa, komai kyan gayyata.

Abin da ya ƙarar da shanun tatsa

Hedikwatar Jamus ta riƙa tsara mahaɗa ta rediyo, tana ganin rubutun sirrinta na Enigma ba ya karantuwa. Daga Fabrairu zuwa Disamba 1942 kuwa masanan Birtaniya a Bletchley Park sun kasa karanta shi, lokacin ne shanun suka ci kasuwarsu. Da aka sake buɗe shi, kuma Amurka ta kawo ƙananan jirage masu ɗaukar jiragen sama irin su Bogue da Card da Core tsakiyar teku, wurin ɓuya ya ƙare. A watan Yuli na 1943 kaɗai huɗu suka tafi, ɗaya a tsakiyar ruwa, uku a hanyar fita daga Faransa. Ranar 4 ga Oktoba jiragen Card suka iske U-460 da jirage uku a kewaye da shi, suka nutsar da shi da U-422. Na ƙarshe, U-490, ya tafi a Yuni 1944. A tekun Indiya ma haka ta faru da jiragen dakon mai Charlotte Schliemann a Fabrairu 1944, da Brake a Maris. In aka ga abokin gaba ya bayyana a mahaɗa sau biyu a jere, a ɗauka saƙo ya fallasa, a sauya wuri da mabuɗin sirri gaba ɗaya.

Da an rabu, a tattara komai: akwatin katako, ɓawon dankali, tsumma mai maiƙo, kada a bar ko ɗaya yana iyo. Kowa ya kama hanyar da ba ita ce tasa ta gaskiya ba har sai ya ɓace wa ɗan'uwansa. Mai karɓa ya nutse nan take ya gwada daidaitonsa, injiniya na matsar da ruwa gaba da baya har jirgi ya tsaya cak a zurfin madubi. Rahoton cewa an sha mai kuma ya jira kwana ɗaya ko biyu, sai an yi nisa da wurin sosai.