Harajin Albashi a Indiya: Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Zaɓen Tsari

Tun kasafin kuɗin 2020 da ministar kuɗi Nirmala Sitharaman ta gabatar, ma'aikacin Indiya na da zaɓi biyu wajen biyan harajin albashi. Tsohon tsari harajinsa na da nauyi, amma kafin a lissafa shi ana cire maka daga albashi wani ɓangare na kuɗin hayar gida, inshorar lafiya, ajiyar da dokar haraji ta amince da ita (wadda aka sani da 80C) har rupi 150,000, da ruwan bashin gina gida har rupi 200,000. Sabon tsari ya fi sauƙi, sai dai yawancin wannan rangwamen babu shi.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne yin shiru. Daga shekarar kuɗi ta 2023-24, duk wanda bai faɗa wa wurin aikinsa komai ba, da sabon tsari za a riƙa yankar masa haraji. Gyaran ba wuya: a watan Afrilu, farkon shekarar kuɗi, ka sanar da ofishin albashi a rubuce. Ko ka manta, kana iya sauyawa lokacin cike takardar haraji. Amma fa idan ka bari wa'adin ya wuce, wanda galibi 31 ga Yuli ne, tsohon tsari ya kuɓuce maka a wannan shekarar.

Sai masu manne wa tsohon tsari don sabo kawai. A 2025-26, mai albashin da bai wuce rupi 1,275,000 ba, ko sisi ba ya biya a sabon tsari. Kafin ya samu haka a tsoho, sai rangwamensa ya kai rupi 775,000, abin da ba kowa ke haɗawa ba. Wasu har inshorar da ba sa buƙata suke saya a watan Maris wai don gudun haraji, su ɗaure kuɗinsu shekaru a banza. Wanda tsohon tsari ke yi wa rana shi ne mai biyan haya mai tsada a Mumbai ko Delhi, ga kuma bashin gida a wuyansa. Ka ɗauki alƙalami ka lissafa duka biyun kowace shekara, kada ka bi zaɓin abokin aiki. Hayarku ba ɗaya ba ce.

Yafiyar da sabon tsari ya yi wa mai albashin da bai wuce rupi 1,275,000 ba kuma ba ta shafi ribar sayar da hannun jari ba, ita harajinta daban. Wanda ke da kasuwanci bayan albashi ya kula: idan ya zaɓi tsohon tsari, sau ɗaya tak zai iya komawa sabo.