Kafin ka ceci Richard na Uku a Bosworth

Masu rubuta tarihin "da a ce", wato labarin yadda tarihi zai kasance da wani abu ya faru daban, ga shawara: kafin ka ceci sarki daga mutuwa, zana salsalar gidansa a takarda, ka sa shekarun kowa a ranar da ka juya tarihi.

Ɗauki gidan sarautar Plantagenet na Ingila. Da yawa sukan sa Richard na Uku ya ci yaƙin Bosworth a 1485, inda a gaskiya aka kashe shi, su ɗauka an gama. Ina! Ɗansa tilo na aure ya rasu a 1484, matarsa Anne ta bi shi wata biyar kafin yaƙin. To wa zai gaje shi? Edward na Warwick, ɗan wansa, yaro ne mai shekara 10, kuma hukuncin cin amana da aka yi wa ubansa a 1478 ya toshe masa hanya. John de la Pole baligi ne, amma ta wajen uwa ya haɗa jini da sarki. Ni a nan nake ganin naman labarin, domin kowanne zai samu manyan da za su fake da shi.

Kada ka manta a 1485 ana maganar auren Richard da Gimbiya Joanna ta Fotugal. In ta haifi namiji, lissafi ya sake.